Furen Da Gara Ta Bari

Ajiye almakashin nan, Rumasa'u. Na ce ki ajiye! Ɗaga atamfar sama kowa ya gani. To, kun gani? Ta raba furen gida biyu, rabi zai tafi gaban riga, rabi baya, su haɗu a ƙarƙashin hammata kowa na kallon gabansa. Ki dubi hannun rigar kuma: furanni kai a ƙasa, kara a sama. A wace gona kika taɓa ganin abu ya tsiro haka? Mai kayan nan ba za ta san inda aibin yake ba, amma za ta saka sau ɗaya ta ji rigar ba ta karɓe ta ba, ta cusa ta ƙasan akwati, ta ce ɗinkin gidan Gwaggo Ladi ya lalace. Sunana za a kira, ba naki ba.

Share hawayenki, ba dukanki zan yi ba, hannuna ya tsufa da wannan. Ku ma ku tsayar da kekunan, ku matso nan inuwa. Zafin bazarar nan ba ya barin mutum ya taka keke da hankalinsa. Ku yaran yanzu kun ɗauka ɗinki shi ne a buɗe waya a ga hoto, a ce "wannan fulawar nake so", a hau keke a yi ta gudu. Gudu a keke ai ko jikata ta iya. Ɗinki a ido yake farawa kafin ya zo hannu.

Inna Yalwa, ƙanwar mahaifiyata, ita ta koya mini, a nan Birnin Kudu, a wani ɗaki da ba ya ɗaukar mutum uku. Keken hannu gare ta, wanda ake juyawa da dama ana tura ƙyalle da hagu. Almakashinta kuwa a ɗaure yake da igiya a ƙugunta, ko sallah za ta yi sai dai ta tura shi ƙarƙashin darduma. Aikin farko da ta ba ni shi ne hura gawayin dutsen guga. Na biyu, in shimfiɗa atamfa a tabarma in zauna ina kallo. Sai ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Ladi, ina kan furen nan yake?" In na nuna daidai ta wuce ba ta ce komai ba. In na kuskure, ranƙwashi. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, ban taɓa almakashin nan ba. Har ƙara na kai wa mahaifiyata, na ce 'yar'uwarki ta mai da ni mai gadin tabarma. Ta ce in koma, ba a koyon sana'a da zuciya a kusa.

Abin da na koya a tabarmar nan shi nake ci har yau. Fure yana da kai yana da ƙafa, kuma kansa sama yake kallo, a zani, a riga, a hannu. Babban fure ba a ɗora shi a ƙirji inda ido bai kamata ya tsaya ba. Mace mai jiki, ki ba ta ƙananan furanni, ko ki bar manyan su sauka ƙasan zani. Siririya kuwa babba ya fi cika ta. Inda gaba da baya suka haɗu, ko dai ɗinkin ya faɗa tsakanin furanni, ko ki haɗa rabi da rabi har su koma guda, mai kallo ya rasa inda aka haɗa. Mayafi kuma kada ya yi gasa da atamfa. Ki dubi launin da ke tsakiyar furen, ki ce ta nemo mayafi marar ado mai wannan launin, shi ke nan an gama kwalliya.

Wata Hajiya daga Surko ta taɓa kawo mini turmi mai furanni manya kamar faifai, ta ce doguwar riga take so mai kama jiki, irin wadda ta gani a jikin 'yar ƙanwarta. Hajiya kuwa Allah ya hore mata jiki, ƙofar nan sai ta karkata take shigowa. Ban ce mata a'a ba, mai kaya ba a ce mata a'a kai tsaye. Na ce ta tsaya, na yafa mata atamfar yadda take so, na kama da allura nan da can, na kawo madubi. Ta juya baya ta waiwaya, ta ga faifai guda zaune daram a mazaunanta. Ta ce, "Subhanallahi! Ladi, da haka za ki bar ni in shiga mutane?" Na ce, "Ni na isa, Hajiya? Ai shi ya sa na kawo madubi." Muka sauke manyan zuwa ƙasa, ta je bikinta ta dawo tana sa mini albarka. Madubi ma kayan aiki ne, ya fi ni iya yi wa mai kaya magana.

Kun lura atamfa mai furanni a bazara take yin kasuwa? Ƙasa ta bushe ƙamas, gona fili fetal, ido ya gaji da ganin kara da toka. Sai mata su fara neman kore da ja da ruwan ƙwai a jikinsu tun kafin ruwa ya kawo su gona. To ɗinkin bazara daban ne. Ba a yi wa riga shafi ta ciki sai dole. Hannu ya zama mai faɗi iska ta shiga, wuya kada ya shaƙe. Kada ki lafta leshi da duwatsu a kan fure, shi kansa ado ne, nauyi kawai za ki ƙara wa baiwar Allah a cikin zufa. Kuma ki jiƙa gefen ƙyallen ki matse a farin tsumma tukuna. Atamfar da za ta zuba, gwamma ta zuba a tsummanki da ta zuba a jikin mai ita a tsakiyar gidan suna.

Shekarar da ruwa ya yi yawa, ba na jin akwai wadda ta isa tunawa a cikinku. Daga Kiyako har Surko har can wajen Gwaram, duk gonar da ke kwari ta zama tafki. Gero ya ruɓe a tsaye. Wa zai yi maganar atamfa? Sallah ta zo, keken ƙafan nan da kuke rigima a kansa ya yini rufe da zani kamar marar lafiya. Abin da ake kawo mini faci ne kawai: zanin da ya ɓarke, rigar uwa a mai da ita ta 'ya, wandon makarantar da gwiwa ta fita. Wasu matan a ɓoye suke kawowa cikin hijabi, suna jin kunya, su ce, "Gwaggo, ki yi yadda ba za a gane ba." To wannan roƙon ne ya koya mini allurar hannu. In lanƙwasa bakin ƙyalle da tsinin allura, in bi shi da ɗinki ƙanana kamar sawun tururuwa, in nemo zaren da zai ɓace a cikin launi. Raina yana ɓaci a lokacin, ni da na yi wa amare ɗinki na koma mai faci. Ashe guzuri nake yi ban sani ba.

A bazarar da ta biyo bayan wannan ruwan ne Mairo ta shigo da wani ƙunshi. Mairo 'yar Zandam ce, can ƙasar Gwaram, aure ya kawo ta unguwarmu, ni nake yi mata ɗinki. Ta ajiye ƙunshin a tabarma ta zauna tana share ido. Tsohuwar rigar namiji ce shuɗiya, ta koɗe, aka naɗe abu a ciki aka ɗaure da igiyar rama. Da na kwance sai warin rumbu ya buge ni, ga ƙasar gara tana zuba. A ciki turmin atamfa ne sabo fil, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba. Shuɗi mai duhu, da manyan furanni ruwan ƙwai masu jan ciki kamar furen kuɓewa, kowanne zaune shi kaɗai da ganyensa, da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Na ce, "Masha Allah!" Na ɗaga na warware. Sai na ce, "Inna lillahi."

Gara ta shiga ta gefe ɗaya. Kun san atamfa a ninke take, to duk inda gara ta huda ba rami ɗaya ba ne, ta ratsa ninki bayan ninki. Da na buɗe sai ga ramuka a jere daga wannan baki zuwa wancan, kowanne da abokinsa, kamar an auna. Can ƙarshe kuwa, ɓangaren da ya kwanta ƙasa, ya zama rariya.

Mairo ta ba ni labari. Mahaifinta, Malam Sabo, ya rasu bayan girbi, 'yar rashin lafiya ce ba ta daɗe ba. Mahaifiyarta Hansatu tana cikin takaba, saura kaɗan ta fita. Da lokacin sharar gona ya yi, ƙanin marigayin, Malam Iro, ya hau rumbu zai ɗebo iri, ya tura hannu ƙasan dammunan dawa ya ji ƙunshi.

Na ce, "Atamfa a rumbu? Wa ke ajiye atamfa a rumbu?"

Ta ce, "Gwaggo, ina kike so Baba ya ɓoye? Ɗaki na Inna ne, ba lungun da ba ta sharewa. Rumbu kaɗai ne mace ba ta leƙawa. Muna jin Sallah yake jira ya ba ta."

Gaskiya ta faɗa. A ƙauyukanmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta, sai abin da ya ɗebo ya miƙo mata. Shi dai bawan Allah ya tuna da idon matarsa, ya manta da gara.

Mairo ta ce so take a ɗinka, Innarta ta saka ranar fita takaba. Ta fito da tsohuwar rigar uwar ta ce in auna da ita. Na ce, "Yaushe rabon da ta saka wannan?" Ta ce tun kafin rasuwa. Na ce, "To ba zan auna da ita ba. Mace ba ta fita takaba da jikin da ta shiga da shi." Sai ta fashe da kuka, ta ce ai maganar ke nan. Inna ba ta cin abinci sai an yi da gaske. Ta kife kaskon da take suyar ƙuli-ƙuli, ta ce ko takaba ta ƙare ba inda za ta, koɗaɗɗen zanin da take ɗaurawa ya ishe ta har kabari. Tun da aka nuna mata atamfar kuma abin ya ƙaru. Ƙunshin ma satowa Mairo ta yi daga ƙarƙashin matashin kanta.

Na ce, "Satowa kika yi? To ni ba na yanka kayan da mai shi ba ta sani ba. Ɗaure shi yadda yake, gobe mu tafi tare."

Muka shiga motar Gwaram da sassafe, daga can muka hau babur zuwa Zandam, tef ɗin awo da alli a jakata. Hanya duk manoma suna ƙona sharar gona, darbejiya ta yi fure, ƙamshi har cikin kai. Muka sami Hansatu a ƙuryar ɗaki, rana tsaka amma ta sauke labule. Doguwar mace, da gani ta taɓa yin jiki, yanzu wuyanta duk ƙashi. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa da kyau. Da ta ga ƙunshin a hannun 'yarta sai ta miƙa hannu ta karɓe, ta ɗora a cinya ta dafe.

"Baiwar Allah, kin sha hanya a banza," in ji ta. "Ba za a sa wa kayan nan almakashi ba."

Na ce, "Yaya Hansatu, kayanki ne. Amma ki gaya mini dalili in koma da shi."

Ta ƙara dafe ƙunshin. Can ta ce wata rana suna dawowa daga dubiya ita da Malam, suka ratsa kasuwar Gwaram, ta ga atamfar nan a rataye, ta ce, "Kai, wannan fure da kyau yake." Iyakar abin da ta ce ke nan. Malam Sabo ko waiwayowa bai yi ba, mutum ne da magana ke yi wa wuya. Shekarar ruwan nan gonarsa ta tudu kaɗai ta tsira, ya sami ɗan riɗi. Ya kai kasuwa ya dawo da hatsi, amma ta ga hatsin bai kai riɗin ba. Ta tambaye shi, ya ce ya yi wata buƙata.

"Na yi masa gori, Ladi," in ji ta. "Na ce ana wannan hali kai kana da buƙatar da ta fi cikin gidanka? Ba sau ɗaya na faɗa ba. Bai ce mini uffan ba. Ya tafi ban nemi gafararsa a kan wannan ba. Da wane jikin zan saka?"

Ni ba malama ba ce, ban iya wa'azi ba. Tausayinta ya kama ni. Amma bakina kun san shi, ba ya jiran izini. Na ce, "Yaya, ba ni ki gani." Na warware atamfar, na ɗaga labule, haske ya shigo ta ramukan ya zuba a jikinta. Na ce, "Mutumin nan ya sha gorinki ya haɗiye, bai tona ba, don yana so ya ga fuskarki ranar da zai miƙo miki. Don gara ya sayar da riɗinsa? Ga shi ta ci rabonta. In kin mayar ƙarƙashin matashi, kafin kaka ta biyo sawu ta cinye sauran. Sai ki zaɓa, ke ko gara."

Mairo ta zaro ido, ta ɗauka uwar za ta kore ni. Hansatu ta daɗe tana shafa wani fure da yatsa. Sannan ta ce, "Furen na yaba, shi ya saya. Ba na so a yanka shi."

Na ce, "Na yi miki alkawari, almakashina ba zai ratsa fure ko ɗaya ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta miƙe ta ɗaga hannuwa na auna ta. Amma ta ce ita ba ta yi alkawarin sakawa ba, sai ta gani. A mota muna dawowa na yi ta faɗa da bakina a zuci. Alkawari a ɗaki da sauƙi, a tabarma ake jin nauyinsa.

Da farko na wanke ta da ruwan sanyi da ɗan gishiri, a hankali ba cuɗawa, don ƙasar gara ta fita. Na shanya a inuwa, na goge ta baya. Na shimfiɗa a tsakar gidan nan, na zagaye kowane rami da alli. Na yini ina kallo yadda Inna Yalwa ta koya mini, har maƙwabciyata ta leƙo ta ce ko gamo na yi. Zani na cire daga ɓangaren da ya fi lafiya, shi ba ya son yanka da yawa, layi ɗaya ne tsakanin furanni. Riga ita ce aiki. Ɗinkin zamani mai kama jiki da lanƙwashe-lanƙwashe ba zai yiwu ba, dole ya ci fure. Sai na koma buba irin ta iyayenmu, miƙaƙƙiya mai faɗin hannu, wadda dama ita ce ta bazara. Na yi ta matsar da awo, yatsa nan, yatsa can, har wuya ya faɗa a fili tsakanin furanni, guda ya zauna a kafaɗa, sauran suka sauka ƙasa.

Da na zo ɗinke gefe, awon da na ɗauko a Zandam ƙarami ne, jikin takaba. Na ɗinka daidai da shi, don kada riga ta yi mata yawa ta riƙa tuna mata ramar da ta yi. Amma ban datse ragowar ba. Na bar kusan faɗin tafin hannu kowane gefe, na ninke ta ciki, na kwantar da guga. Ban gaya wa kowa ba.

Saura ramuka. Nan facin shekarar ruwa ya biya ni. Na koma ɓangaren da ya zama rariya, wanda dama shi ne rabon ɗankwali. A cikin ɓarnar nan akwai furannin da gara ta zagaye ta bari lafiya lau. Na bi gefensu da ƙaramin almakashi, na ciro su ɗaya-ɗaya da ganyensu, ban taɓa jikinsu ba. Kowanne na lanƙwasa bakinsa da allura, na ɗora a kan rami, kai sama, na bi da ɗinkin hannu. Inda ramuka suka yi layi, sai furanni suka yi layi a ƙasan zani da bakin hannu kamar da gangan aka tsara. Inda gefe ɗaya ya fi nauyi, na ƙara fure a wurin da ba rami don kada ido ya gane. Idona ya yi ja, yatsana ya yi kanta. Amma da na rataye na ja baya, ni da kaina na ce, "Ladi, sannunki."

Sai na juya neman ɗankwali. Babu. Na cinye rabonsa a faci. Abin da ya rage tsumma ne mai ramuka, da fure ɗaya tal. Zani da riga ba ɗankwali ai tuwo ne ba miya, kuma mace ba ta fita takaba da ɗankwalin aro. Na zaga kasuwa da ƙyalle a hannu, ba irinta, an daina kawowa. Mairo ta ce a sayi kowane shuɗi a haɗa. Na ce, "Uwarki za ta ce wannan ba Malam ya saya ba, ta sami hanyar ƙin sakawa."

Ina zaune ina tunani idona ya faɗa kan tsohuwar rigar nan da aka naɗo atamfar a ciki, na jefar da ita gefen keke. Na ɗauko na karkaɗe. Gaba ya tafi, gara ta gama da shi. Bayan kuwa lafiya lau, yadi ne mai kyau irin na da, wanki ya sa ya yi laushi, shuɗinsa ya yi haske irin wanda ke zama a kan mai duhu. Na aiki Mairo ta tambayi Malam Iro, don kayan mamaci ba a taɓa su haka kawai. Ya aiko cewa tsumma ne, in yi yadda na ga dama, Allah ya ba da lada. Na wanke, na fitar da bayan, na yi kalmasa siririya, na ɗora furen nan guda a kusurwar da ke faɗowa gefen kunne in an ɗaura. A tsakiyar yadin akwai wani tsohon gyara, inda ya taɓa yagewa aka ɗinke da farin zare, ɗinkin hannu, karkatacce. Na ɗauki reza zan farke in gyara. Sai na fasa.

Ranar fita takaba na koma Zandam da kayan a goge. Gida ya cika da mata tun hantsi, ana suyar wainar sadaka, maza a zaure suna addu'a. Hansatu ta yi wanka, amma ta mayar da koɗaɗɗen zaninta ta zauna bakin gado. Mata suna ta leƙe, ba mai iya yi mata magana. Ni da Mairo muka shiga muka saki labule.

Na miƙa mata zani. Ta shimfiɗa a cinya ta bi furannin ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda aka yanka. Ta ɗauki riga, ta duba wuya, ta duba hammata. Wallahi ko ɗinkin amarya bai taɓa ba ni tsoro haka ba. Ta sa yatsa ta bayan zanin ta taɓo wani wuri.

"Ramin yana nan," in ji ta.

Na ce, "Yana nan. Rufewa na yi, ban ce zan mayar da abin da gara ta ci ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ɗankwalin fa?"

Na fito da shi. Ta karɓa ta tsaya cak. Ba furen ta duba ba. Yatsanta kai tsaye ya tafi kan farin zaren nan.

"Ni na ɗinke wannan," in ji ta. "Ƙayar aduwa ce ta kama shi a hanyar gona. Ba ni da shuɗin zare. Ya ce a bar shi haka, ai a baya yake, shi ba ya gani."

Sai ta yi dariya, 'yar guntuwa, ta haɗu da kuka, ta kifa fuska a cikin ɗankwalin ta yi mai isarta. Muka bar ta. Ni ma na yi nawa, ba zan ɓoye muku ba. Da ta ɗago ta ce, "Allah ya gafarta maka, Malam, ka yafe mini." Sannan ta dubi 'yarta ta ce, "Ke kuma kin tsaya kallona? Kama mini zanin mana."

Da ta ɗaga labule ta fito, duk matan suka juyo suna kallonta. Wata tsohuwa, gwaggon marigayin, ta riƙe baki ta ce, "Ashe Sabo ya iya zaɓe! Yaron da ko hularsa ba ta taɓa dacewa da rigarsa ba." Aka kwashe da dariya, ana barka da fita, ana Allah ya jiƙan Malam. Aka miƙo mata waina, ta karɓa ta ci a tsaye.

Daga wannan ranar matan Zandam suka fara aiko mini da atamfa lafiyayya, ba rami ko ɗaya, wai a yi musu irin na Hansatu. Daga Zandam ya shiga Gwaram, ya dawo nan. Keken da ya sha rufi ya koma aiki. Shi ne kwanan baya wata a cikinku ta kawo mini waya tana rawar jiki, wai sabon yayi ya fito, ana yanko fulawa a ɗora. Na ce mata gara ce ta fara shi, a rumbu.

Rumasa'u, atamfar da kika ɓata ba ta mutu ba. Hannun za mu juya, rabin furen nan kuma mu rufe shi da ɗan'uwansa. Amma sai kin je wa mai ita kin gaya mata da bakinki tukuna. Gobe kuma ba ke ba almakashi, tabarma za ki zauna. Yanzu bari in ƙarasa muku.

Damina ta sauka da kyau a shekarar da Hansatu ta fita takaba, ba ta yi yawa ba, ba ta gaza ba. Bayan an cire gyaɗa, wata rana ina kan keke na ji sallama a ƙofa, murya mai ƙarfi, na ɗauka mai talla ce. Hansatu ce, ita kaɗai ta shigo mota daga Gwaram. Ta sauke kwano daga kanta cike da ƙuli-ƙuli, da kwalbar man gyaɗa, ta ce nata ne, suyar jiya. Fuska ta ciko, ƙashin wuya ya rufe. Bayan mun gaisa ta ciro rigar daga jaka ta ajiye a gabana, ranta a ɓace.

"Ladi, rigar nan ta matse ni, hannu ba ya ɗaguwa. Na duba ko'ina ba irin atamfar, kuma ba na so in ajiye ta. Shi ke nan ta ƙare?"

Na juya rigar ciki, na nuna mata ninkin da na kwantar a gefe. Ta duba wannan gefe, ta duba wancan.

Ta ce, "Ina ganin wannan wajen wanki. Na ɗauka haka kike ɗinkinki."

Na ce, "Haka nake yi wa wadda na san za ta dawo. Miƙo mini rezar can, ki zauna ki ba ni labarin gyaɗar bana."